Binciken kuɗi a ƙungiyar taimakon shari'a mai karɓar tallafin gwamnati: tambayoyin mutanen Maraɗi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi daga bakin shugabannin ƙungiyoyi, ma'ajiya da sakatarori suke fitowa a nan Maraɗi, musamman masu tsaya wa marasa ƙarfi a gaban shari'a: masu raka bazawara neman gadonta, masu bin dosiyen yaron da ya daɗe a gidan kaso ba a gurfanar da shi ba, masu zaunar da manomi da makiyayi su ji abin da doka ta ce kan burtali. Na rubuta su yadda ake yi mini su. Kafin ku karanta, ku ɗauko yarjejeniyar tallafin da kuka sa wa hannu ku ajiye kusa, domin akwai sharuɗɗan da ke cikinta waɗanda babu su a ta maƙwabtanku.

Mu da muke yi wa talakawa aiki kyauta, me ya haɗa mu da masu binciken kuɗi?

Kyauta ne ga wanda kuka taimaka, amma akwai wanda ya biya. Man moton da ya kai ma'aikacinku Madarunfa, kuɗin takardar kotu, albashin sakatariya, duk daga baitulmali suka fito, baitulmali kuwa harajin ɗan kasuwa ne da na ma'aikaci. Duk inda kuɗin ƙasa ya shiga, ƙasa tana da ikon ta bi sawunsa, ko da a hannun ƙungiya mai zaman kanta yake.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan damuna. Mutanen da kuke yi wa aiki su ne mafi ƙarancin murya a cikin al'umma. Wanda ke tsare ba zai taɓa sanin an ware kuɗin kare shi ba, balle ya tambayi inda suka tafi. Idan aka rubuta cewa an ziyarce shi sau uku alhali ba a je ba, babu bakin da zai faɗa. Mai bincike shi ne mutum ɗaya da ke yin wannan tambaya a madadinsa.

Ƙa'idar hukumar ANAJJ da ta ƙungiya irin tamu ɗaya ce?

A'a, hanya biyu ce. ANAJJ hukumar gwamnati ce da doka mai lamba 2011-42 ta 14 ga Disamba 2011 ta kafa, tana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma tana da biro-biro a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Aikinta kashi biyu ne: ba da shawara da wayar da kai kan doka, wanda kowa ke iya samu ba tare da biya ba, da kuma kariya a gaban alƙali ga marasa hali da masu rauni irin su yara ƙanana. Da yake ta gwamnati ce, lissafinta na bin tsarin kuɗin gwamnati. A can, mai ba da umarnin kashe kuɗi daban, mai fitar da kuɗin daban, kuma ba a biya sai an tabbatar an yi aikin.

Ƙungiya kuwa, wadda aka yi wa rajista bisa dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, tana riƙe da lissafinta da kanta. Karɓar tallafi bai mayar da ita ma'aikatar gwamnati ba, amma ya buɗe wa masu binciken gwamnati ƙofarta.

To wace doka ce ke faɗa mana yadda za mu riƙe lissafi?

Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokokin kasuwanci iri ɗaya. A ranar 22 ga Disamba 2022, a Yamai, ministocin waɗannan ƙasashe suka amince da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, SYCEBNL, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Kafin nan kowa da salonsa: wani ya ari tsarin kamfanoni, wani ya bi takardar da mai ba da tallafi ya miƙo masa, wani littafin makaranta kawai yake cikawa. Yanzu ma'auni ɗaya ne.

Shekarar lissafi daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba. Bayan rufe ta kuna da wata huɗu ku kammala bayanan kuɗi na shekara: abin da ƙungiya ta mallaka da abin da ake bin ta, abin da ya shigo da abin da aka kashe, yadda tsabar kuɗi ta motsa, sai bayanan da ke fayyace kowane adadi. Ƙaramar ƙungiya, wadda babu ɗaya daga hanyoyin samun kuɗinta, tallafi ko gudummawar mambobi ko kyauta, da ta wuce miliyan 30 na Sefa a shekara, an yi mata sassauci. Tana iya riƙe ƙaramin tsari na shige da ficen kuɗi. Sassauci ne a yawan takardu, ba a yafe mata rubutawa ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Dole ne mu ɗauki mai bincike daga waje?

Dokar ta sa ma'auni uku, kuma ɗaya kaɗai ya isa ya wajabta muku: jimillar dukiyar ƙungiya ta wuce miliyan 100, ko kuɗin da ke shigowa a shekara su wuce miliyan 200, ko ma'aikatan dindindin su wuce mutum 20.

Yawancin ƙungiyoyin jihar nan ba su kai ko ɗaya ba, shi ya sa wasu ke ganin sun tsira. Ku koma ga yarjejeniyarku. Idan an rubuta a ciki cewa za a yi odit, wato binciken kuɗi, a ƙarshen shekara ko ƙarshen aiki, to ya zama dole, ko tallafin miliyan 5 ne. Ko ma babu wannan sharaɗi, ma'aikatar da ta ba ku kuɗin tana iya neman hujjar kowane abu da kuka kashe kafin ta saki kashi na gaba.

Ƙanen shugabanmu kontabul ne, ya ce zai yi mana binciken da rahusa. Ya halatta?

Ku yi masa godiya, ku bar shi ya taimaka wajen tsara littattafai idan kuna so, amma ba zai zama mai bincike ba. Sharaɗi na farko, sunan mai binciken ya kasance a jerin ƙwararrun ONECCA, ƙungiyar da doka ta ba riƙon wannan sana'a a Nijar. Na biyu, kada ya zama yana da wata alaƙa da za ta hana shi faɗin gaskiya: ba ɗan'uwan shugaba ba, ba mai karɓar albashinku ba, ba kuma wanda ya rubuta lissafin da hannunsa ba.

Kowa ya san yadda zumunci yake a garin nan. Mutum ba zai rubuta a takarda cewa yayansa ya fitar da kuɗi babu hujja ba, sannan gobe su haɗu a wurin suna. Ku raba shi da wannan nauyi tun farko.

Babban taron mambobi ne ya kamata ya naɗa mai binciken, shugaba kada ya zaɓo shi shi kaɗai. Wa'adinsa shekarun lissafi uku ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya.

Ban da wanda muka ɗauka, su wa ke iya zuwa daga ɓangaren gwamnati?

Ma'aikatar da ta ba da kuɗin tana da nata sufetoci. Akwai sufetocin ma'aikatar kuɗi, akwai babban ofishin sufetocin ƙasa, sannan tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya tanadi kotun binciken kuɗin ƙasa a matsayin kotu mai zaman kanta. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an kafa hukumar COLDEFF domin yaƙi da almundahana, ta maye gurbin HALCIA, tsohuwar hukumar yaƙi da cin hanci. Rahoton mai bincikenku, komai kyansa, ba ya hana ɗaya daga cikinsu zuwa. Idan sun zo, ku nemi ganin takardar da ta aiko su, ku karanta shekarun da aka ce su duba, sannan duk takardar da za su ɗauka a rubuta ta a jeri, su sa hannu ku sa hannu.

Idan mai bincike ya shigo biro, me yake yi a zahiri?

Da farko yakan nemi takardun kafuwar ƙungiya, yarjejeniyar tallafi da kasafinta, bayanan taron kwamiti, takardun banki na kowane wata, littafin akwatin kuɗi, jerin ma'aikata da jerin kayan aiki. Yakan ce a buɗe akwatin a ƙirga abin da ke ciki a gabansa, ya gwada da abin da littafi ya nuna. Yakan ɗauki jerin kaya ya zagaya: kwamfuta uku aka rubuta, ina ta ukun? Moto mai wannan lamba, a hannun wa yake?

Ba ya karanta kowace takarda. Tsamo wasu yake yi, ya bi kowace har tushenta. A ce ya ɗora yatsa kan layi guda: tafiya Dakwaro, jika 45. Zai ce a kawo takardar izinin tafiya, ya duba wa ya sa hannu kuma yaushe, kafin tafiya ko bayanta. Zai juya bayanta ya ga ko akwai hatimin kotu ko na ofishin da aka je, da ranar isa da ranar tashi. Zai ɗauko rasit ɗin mai ya gwada ranarsa da ranar tafiya, ya duba littafin moto ya ga kilomitan da aka rubuta sun yi daidai da hanyar. Zai nemi takardar da ma'aikacin ya sa hannu cewa ya karɓi kuɗin guzuri. A ƙarshe ya tambayi abin da ya fi duka: wane dosiye aka je wa, kuma me aka yi a can? Idan takardun nan biyar ko shida suna manne wuri ɗaya, minti kaɗan ne ya wuce gaba. Idan an watsa su cikin kwali uku, zai ƙara yawan abin da zai tsamo, domin ya fara shakkar tsarin gaba ɗaya.

Dosiyoyinmu cike suke da sirrin mutane. Za mu buɗe wa baƙo labarin yarinyar da aka yi wa fyaɗe don kawai ya tabbatar da kuɗin mai?

Wannan ce tambayar da ta bambanta aikinku da na ƙungiyar da ke gina rijiya, kuma ina ganin duk wanda ya yi ta ya fahimci amanar da ke wuyansa. Rijiya ana zuwa a gan ta. Aikinku kuwa a cikin rayuwar mutane yake, a wuraren da suka fi jin kunya da tsoro. Matar da ta zo daga Tibiri ta faɗi abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba, ta yi haka ne don an ce mata maganar ba za ta fita ba.

Duk da haka ba za ku ce wa mai bincike sirri ne ku rufe ƙofa ba. Idan aka yarda da wannan, to an buɗe hanyar ƙirƙiro dosiye ɗari na ƙarya a ɓoye su a bayan sirri. Shi ma mai binciken doka ta ɗaure shi da riƙe sirrin sana'a, amma wannan bai zama dalilin ya karanta abin da aikinsa bai buƙata ba.

Mafita ita ce ku raba dosiye gida biyu tun ranar da aka buɗe shi. Kowane mai neman taimako a ba shi lamba. A babban littafin rajista a rubuta lambar, ranar zuwa, irin matsalar a taƙaice, gado ko fili ko tsarewa, kotun da ke da maganar, lambar shari'ar a wurin magatakardan kotu, wanda aka ɗora wa aikin, da inda aka kwana. Duk takardar kuɗi da ta shafi wannan mutum, lambar za ta ɗauka, ba sunansa ba. Labarin da ya bayar, takardar likita, wasiƙun da ke tsakaninsa da aboka, wato lauya, waɗannan su zauna a wata kabad mai makulli, a hannun mai kula da shari'o'i.

Ranar bincike, mai binciken ya zaɓi lambobin da yake so daga rajista. A kawo masa abin da ke nuna cewa shari'ar ta wanzu kuma an yi aikin: takardar sammaci, shafin hukunci mai hatimin kotu, takardar shiga gidan kaso. Ya duba a cikin biro, a gaban mai kula da dosiyen, kada ya ɗauki hoto da waya, kada suna ya shiga rahotonsa. Idan yana son ya ji daga bakin wasu da aka taimaka, a fara neman yardarsu, kuma a cire yara da waɗanda aka ci zarafinsu daga wannan. Ku rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar aikin da za ku sa wa hannu da shi kafin ya fara, domin tsakiyar bincike ba lokacin jayayya ba ne. Ku tuna kuma Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, don haka jerin sunayen waɗanda kuka taimaka ba abin turawa a WhatsApp ba ne.

Mai kabu-kabu ba shi da faktir, mai abinci a ƙauye ba ta iya rubutu ba. Yaya za mu yi?

Ku buga naku ƙaramin littafin shaidar biya, mai lamba a jere da kwafi biyu. A rubuta suna, abin da aka biya, adadi da lamba da kuma da harafi, rana da wuri, lambar waya ko ta katin shaida idan akwai. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa, wani da ba shi ya biya kuɗin ba ya shaida. Kwamiti ya yanke iyakar abin da za a iya biya ta wannan hanya, ya rubuta a ƙa'idar cikin gida. Abin da ya haura iyakar, kamar kwamfuta, kujeru, ko buga takardu masu yawa, sai a wurin mai sayarwa da ke da lambar haraji ta NIF da faktir na gaskiya, bayan an gwada farashin masu sayarwa kamar uku.

Abin da nake roƙonku da shi: kada ku je kasuwa ku sayi littafin faktir ku cika da hannu ɗaya a daren da mai bincike zai zo. Ana ganewa. Alƙalami iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, lambobi a jere alhali an ce tsakaninsu wata huɗu. Kuɗin da aka kashe da gaskiya babu takarda, rauni ne na tsari. Takardar jabu kuwa laifi ce, ko da kuɗin an kashe su a kan hanya.

Wani lokaci muna sayayya da naira a wajen Ɗan Isa. Matsala ce?

Littafinku da Sefa yake. Ku rubuta adadin nairar, canjin da aka yi a ranar, da wanda ya yi canjin, ku manna da rasit ɗin. Kayan aiki masu tsada kuwa, ku saye su a cikin gida da faktir, ko kuma takardar duwan ta biyo su.

Aboka daga Yamai yake zuwa. Wace hujja ake so kan kuɗinsa?

Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi, don haka kawo ɗaya yana cin babban kaso na kasafi, mai bincike kuma nan yake fi tsayawa. Ana so a ga yarjejeniya a rubuce da ke faɗin nawa ne ladan kowane dosiye ko kowane zama, sai takardar neman biya daga ofishinsa ɗauke da lambobin shari'o'in, sai shaidar cewa ya tsaya a gaban alƙali, sannan biya ta banki. Kuɗin mota da masauki a ware su daga ladan aiki.

Haka ma masu kariya da ba lauyoyi ba, waɗanda ake naɗawa su tsaya wa wanda ake tuhuma inda babu aboka, da masu wayar da kai na ƙauyuka. Takardar naɗi, ɗan rahoton abin da suka yi, sa hannun karɓa. Idan shari'a aka ɗage sau huɗu aka biya zuwa huɗu, a rubuta ranakun ɗagewar, domin daga waje abin yana kama da biya sau huɗu kan aiki ɗaya.

Tallafi ya makara, ga shari'a ta taso, muka ara daga kuɗin wani aiki. Laifi ne?

Na san matsin. Ranar zaman kotu ba ta jiran baitulmali, kuma ba za ku bar mutum ya tsaya shi kaɗai ba saboda kashi na biyu bai sauka ba. Amma a idon mai ɗayan kuɗin, kun taɓa abinsa ba da izininsa ba. Idan dole ta sa, ku fara da kuɗin ƙungiya na kanta, irin gudummawar mambobi. Idan sai na wani mai tallafi, ku nemi yardarsa a rubuce, kwamiti ya zauna ya rubuta shawarar, a shigar da shi littafi a matsayin rance tsakanin ayyuka, a mayar da zarar kuɗi sun zo, ta banki domin sawun ya fito. Kowane tallafi ya sami asusunsa daban idan da hali.

Sauya layin kasafi ma haka yake. An ba ku kuɗin wayar da kai a rediyo, kuka ga kuɗin kotu ya fi gaggawa. Mai yiwuwa kuna da gaskiya, amma ku rubuta wasiƙa ku jira amsa. In ba haka ba za a ce kuɗin ba a kan ƙa'ida aka kashe su ba, a nemi ku mayar, alhali sun riga sun tafi.

Shugabanmu mutum ne mai amana, shi ke riƙe cek da akwatin kuɗi. Me ya sa ake cewa a raba?

Don a kare shi. Ranar da jika 200 suka ɓace, idan shi kaɗai ke ba da izini, shi ke biya, shi ke rubutawa, babu wanda zai iya wanke shi ko da bai ci ba. Mai ba da izini daban, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, cek kuma da sa hannu biyu. Kada a sa hannu a cek fari a bar shi a aljihun tebur don wai ɗayan zai yi tafiya. Kowane ƙarshen wata wani daga kwamiti, wanda ba ya taɓa kuɗi, ya gwada takardar banki da littafi ya sa hannu. Ko mutum uku ne ku a biro kuna iya wannan.

Wani Alhaji yana ba mu gudummawa, ya ce sadaka ce, kada a ambaci sunansa. Mu rubuta ko mu bari?

Ku rubuta. Tsarin SYCEBNL ya wajabta wa kowace ƙungiya rajistar masu ba da kyauta, littafi mai shafuka masu lamba da kotu ta sa wa hannu, inda ake shigar da rana, sunan mai bayarwa, adireshinsa, adadi, da yadda aka bayar, tsaba ko cek ko kaya. Rashin riƙe ta na cikin abubuwan da ake hukunta shugabanni a kai. Ku je ku same shi cikin girmamawa ku ce: Alhaji, ba za a faɗa a rediyo ba, ba za a karanta a taro ba, littafi ne da ke cikin kabad wanda hukuma da mai bincike kaɗai ke dubawa. Galibi idan aka yi bayani haka ana fahimta. Kyautar kaya ma, buhun hatsi ga fursunoni ko ɗakin da aka ba ku aro, a ƙiyasta kuɗinta a rubuta.

Ba riba muke nema ba, ina ruwanmu da haraji?

Ƙungiya mai ma'aikata tana cire harajin albashi ta kai, tana yi musu rajista a CNSS, asusun ƙasa mai kula da fansho da walwalar ma'aikata, ta biya kasonta da nasu. Kuɗin da aka cire daga albashin mutum aka riƙe ba a kai ba, bashi ne da ke ƙaruwa da tara, kuma mai bincike zai sa shi a rahoto. Yafewar haraji sai da takarda daga hukuma, ba a ɗaukarta da zato.

Wa ke biyan mai binciken?

Wanda ƙungiya ta ɗauka, ƙungiya ke biya, don haka ku sa layinsa a kasafi tun lokacin neman tallafi. Sufetocin gwamnati ba ku ke biyan su ba, kuma kada a miƙa musu komai da sunan goro ko kuɗin mai.

Rahoto ya fito. Yaya za mu gane mun ci ko mun faɗi?

Ku nemi shafin da mai binciken ya faɗi ra'ayinsa. Iri huɗu ne. Ko ya ce lissafin ya nuna gaskiyar halin ƙungiya ba tare da wani togewa ba. Ko ya amince amma ya toge wasu wurare, ya faɗe su da adadinsu. Ko ya ce kurakuran sun yi yawa har lissafin bai nuna gaskiya ba. Ko kuma ya ce ya kasa yanke ra'ayi domin ba a ba shi abin da zai duba ba. Na ƙarshen nan wasu na ɗauka da sauƙi, alhali ga mai ba da tallafi yana nufin babu wanda ya san inda kuɗin suke.

Tare da rahoton akwai wasiƙar shawarwari kan raunin tsari. A ganina ta fi rahoton amfani gare ku. Kafin a kammala ana ba ku daftari ku mayar da martani: ku amsa kowane batu a rubuce, da hujja idan kuna da ita, da ranar gyara da sunan mai gyarawa idan maganarsa gaskiya ce. Shekara mai zuwa, abin da zai fara dubawa shi ne ko an aikata shawarwarin bara. Rauni ɗaya da ya dawo shekara uku a jere ya fi sabbin raunuka biyar zubar da mutuncin ƙungiya.

Idan aka sami giɓi, gidan kaso ne?

Ba kowane giɓi ba. Kuskuren lissafi ana gyara shi. Kuɗin da aka kashe babu hujja ko a wajen kasafi, yawanci mayarwa ake nema, ko a cire daga kashi na gaba, ko a dakatar da tallafin. Inda magana ke komawa hannun mai gabatar da ƙara shi ne idan akwai takardun jabu, ma'aikatan bogi, dosiyoyin da ba su wanzu ba, ko shugabanni sun gabatar da lissafin da suka san ƙarya ne. Idan ku kuka fara gano ɓarna a cikinku, kada ku rufe don gudun abin kunya. Kwamiti ya zauna, a rubuta, a sanar da mai tallafi kafin ya ji a wani wuri. Ƙungiyar da ke koya wa mutane kai ƙara ba za ta binne tata ba.

Shekara nawa za mu ajiye takardun?

Shekara 10. A garin nan abokan gaba uku ne: gara, ɗigar rufi da damina, da canjin shugabanni inda tsohon ma'aji ke tafiya da kwali gidansa. Akwatin ƙarfe a kan dakali, nesa da bango. Rasit ɗin gidan mai da na'ura ke bugawa yana gogewa cikin 'yan watanni da zafin nan, ku yi masa kwafi tun yana sabo ku manna su tare. Duk ranar miƙa ragama a yi jerin takardu, mai fita da mai shiga su sa hannu.

Yawancin mambobinmu ba sa jin Faransanci. Yaya za su amince da lissafin da ba su gane ba?

Takardun za su fita da Faransanci, amma taro da Hausa ake yin sa, kuma babu abin da ke cikin rahoton nan da ba ya faɗuwa da Hausa. Ma'aji ya tashi ya ce: ga abin da ya shigo, ga daga inda ya fito, ga abin da ya tafi ga lauyoyi, ga na tafiye-tafiye, ga na albashi, ga mutum nawa aka tsaya wa, ga nawa aka sako, ga nawa ke jira. A rubuta a allo da manyan lambobi, a faɗe su da jika da miliyan yadda mutane ke ƙirga. A karanta togewar mai bincike ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tausasa ba, a ba da lokacin tambaya, sannan a ɗaga hannu. A rubuta yawan waɗanda suka amince da waɗanda suka ƙi, domin takardar taron nan tana cikin abin da za a nema a binciken baɗi.

Shekara ta ƙare, kuɗi sun rage. Namu ne?

A'a, sai in yarjejeniya ta ce haka. Ku nuna ragowar a rahoton kuɗi, ta yi daidai da abin da ke banki ranar 31 ga Disamba. Sannan ku rubuta wa ma'aikatar: ko ta ba da izinin ɗaukar su zuwa sabuwar shekara don dosiyoyin da ba a gama ba, ku haɗa da jerin lambobinsu da kotun da kowane yake, ko ta faɗi asusun da za a mayar. Idan an mayar, takardar shaidar biya ta baitulmali ta shiga dosiyen tallafin. Kada a yi gaggawar shirya taro ko sayen kaya a makon ƙarshe na Disamba don a cinye ragowar, domin kashe-kashen wannan mako suna cikin waɗanda mai bincike ke fara tsamowa.